Yadda Za Ka Auna Masu Kutse Kafin Ka Tafa Musu

A farkon Agustan 2023, kwanaki kaɗan bayan juyin mulkin Nijar, ɗan ƙanwata da ke taya ni gyaran waya da kwamfuta a nan Sakkwato ya miƙo min wayarsa, bakinsa har kunne. "Kawu, dibi wanga! Anonymous Sudan sun ce in an taɓa Nijar za su kashe intanet ɗin Najeriya." Dangin ubansa suna Birnin Konni, ga iyakar Illela a rufe, don haka ban ga laifinsa ba. NITDA, hukumar fasahar sadarwa ta Najeriya, ma ta yi gargaɗi a kwanakin kan barazanar masu kutsen. Na ce ya jawo benci, in nuna masa yadda nake auna irin waɗannan mutane.

Fara da tambayar wa zai ji a jikinsa. Yawancin abin da suke yi harin cunkoso ne, wanda ake kira DDoS. Kamar a tara mutum dubu su toshe ƙofar shago ba su sayen ko allura, mai saye na gaske ya rasa hanyar shiga. Masu kare su na cewa zaman dirshan ne irin na zanga-zanga, kuma haka 'yan kutsen Anonymous suka ɗauki harin da suka kai wa PayPal da Visa da MasterCard a 2010, bayan kamfanonin sun toshe gudummawar WikiLeaks, shafin fallasa takardun sirri. To, amma kawo maganar gida. In sabis ya ɗauke yini guda, minista na da layi uku da wayar ofis. Mai POS a Sabuwar Kasuwa ne zai koma gida hannu rabbana, da mai albasa da ya loda mota yana jiran alat, da wanda ke tsaye gaban kantin magani da kuɗinsa a cikin waya. Haka aka yi a Kenya a Yulin 2023 da aka durƙusar da shafin hidimomin gwamnati na eCitizen: talaka mai neman takarda ne ya sha layi.

Sai ka binciki wanda ke bayan sunan. Anonymous ba ta da shugaba, ba ta da rajista, duk wanda ya sa farar fuskar nan mai gashin baki ya zama ɗan ƙungiya. Manufofinsu ma ba ɗaya ba ne. Akwai waɗanda zalunci ya dama, irin masu taimaka wa 'yan Tunisiya a 2011, ko waɗanda suka ƙwace shafin Twitter na hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin lokacin EndSARS a Oktoban 2020. Akwai 'yan neman dariya irin LulzSec, da suka yi kwana 50 suna ɓarna a 2011 don nishaɗi kawai. Akwai 'yan ɓangaren yaƙi, Killnet na bayan Rasha, IT Army na bayan Yukiren. Akwai kuma 'yan kasuwa.

Nan ne abin ya fi min ciwo. Anonymous Sudan sun sayi zukatan samarinmu ne da suka kai wa Suwidin da Denmak hari kan ƙona Alƙur'ani. A Oktoban 2024 Amurka ta tuhumi wasu 'yan'uwa biyu 'yan Sudan da tafiyar da ƙungiyar. Takardar tuhumar ta ce haya suke ba da na'urar harin ga mai kuɗi, kuma sun bugi asibitin Cedars-Sinai na Los Anjalas har aka yi sa'o'i ana karkatar da majinyatan gaggawa zuwa wani wuri. In ka ga ƙungiya na wa'azi da baki, tana talla a Telegram tana neman a biya ta da kirifto, ka san inda ta dosa.

Duba kuma abin da suke yi da bayanan da suka kwaso. Fallasa takardar da ke nuna an wawure baitulmali daban, watsa lambobin waya da NIN da adireshin mutanen da ba su ci ba su sha ba daban. A yankin da 'yan bindiga ke da masu kai musu rahoto, lambar mutum da sunan unguwarsa da abin da ke asusunsa ba abin wasa ba ne. Kada ka tura irin wannan fayil ko a gurup ɗin 'yan gida.

Kada ka gaskata hoton allo. Buɗe shafin da suka ce sun kayar da kanka, sau da yawa za ka tarar yana aiki lafiya lau.

In kana son ma'auni a rubuce, ƙungiyar agaji ta ICRC ta fitar da ƙa'idoji 8 a Oktoban 2023 ga fararen hula masu kutse lokacin yaƙi. Ciki har da kada a taɓa asibiti, kada a saki manhajar da ke yaɗuwa da kanta ba ta zaɓen wanda za ta cuta.

In kuwa an ce ka sauke wata manhaja ka "taimaka", cire hannunka. Wadda aka raba a harin PayPal ba ta ɓoye adireshin mai amfani da ita, kuma a 2011 aka kama mutum 14. Sabu, jagoran LulzSec, ashe ya koma yi wa FBI aiki yana cikin hira da abokansa. Jeremy Hammond, wani ɗan kutsen Anonymous, ya sami hukuncin shekara 10 a 2013. A nan ma dokar laifukan intanet ta 2015 ba ta ware mai kyakkyawar niyya ba.

Yaron ya yi shiru, sannan ya ce, "To Kawu, su 'yan Konni hwa, wa za ya tsaya musu?" Ban da amsar da za ta gamsar da shi a ranar. Ya goge manhajar da aka turo masa dai, amma tashar Telegram ɗin bai fita ba sai da ita da kanta ta yi tsit.