Babi na 7: Idan Ƙwayar Cuta Ta Shiga Jini

Darasi na 1

'Yan uwa, ƙwayoyin bakteriya ba su da wurin zama a jinin mai lafiya. Amma suna samun ƙofa: mikin da ya yi mugunya, ciwon huhu, ciwon mafitsara, cibiyar jariri da ba a tsabtace ba, ko mahaifar mai jego. Da sun shiga, jiki yakan tashi ya yaƙe su. Wani lokaci yaƙin ya wuce gona da iri, har jikin ya koma yana lalata ƙodarsa da huhunsa. Wannan ne likitoci ke kira sefsis. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2017 ya kashe mutum kusan miliyan 11, kuma kusan rabin waɗanda suka kamu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5.

Darasi na 2: Ƙirga numfashi

Nan ne aka fi yin tuntuɓe, don haka mu bi a hankali. Saurin numfashi yana cikin alamun da ke fara bayyana, kuma ido kawai yake buƙata da agogo.

Majinyaci ya kwanta ko ya zauna ya natsu. Kada ku gaya masa kuna ƙirgawa, don da ya sani zai canja yadda yake shaƙa. Ku zuba wa ƙirjinsa ido. Ƙirji ya tashi, ya sauka, wannan ɗaya ke nan. Tashi da sauka, su biyun, ɗaya ne. Ku ɗora hannu a naku ƙirjin yanzu: ya tashi, ya sauka, ɗaya. Madalla. Ya tashi, ya sauka, biyu.

Sai agogo. Minti guda cur, wato sakan 60. Idan agogon mai sandar sakan ne, ku fara tana kan 12, kada ku tsaya sai ta zagayo ta dawo kan 12. Wanda lissafi ya ɓace masa ya sake daga farko, ba abin kunya ba ne.

Babba da ya kai 22 ko ya wuce a minti guda, akwai haɗari. Jariri ɗan ƙasa da wata 2 kuwa, 60 ko sama da haka. Shi jariri yakan yi sauri, ya ɗan dakata, ya ci gaba, shi ya sa rabin minti ba ya isa. Kuma ba a ƙirga masa yana kuka.

Haba jama'a, har yanzu wasunku suna ƙirga tashi ɗaya, sauka biyu! Wasu kuma su tsaya a tsakiya su ce ai sun gane. Ran mutum ake magana a kai. Tashi da sauka ɗaya ne, kuma minti guda cikakke. Ku rubuta lambar da lokacin a takarda, ku nuna wa likita.

Darasi na 3

Ku lura kuma da zazzaɓi da rawar ɗari, ko jiki ya yi sanyi ƙalau, da ruɗewa, da ƙarancin fitsari, da jaririn da ya ƙi kama nono. In kun ga haka, sai asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

Kada ku ba shi ragowar maganin kashe ƙwayoyin cuta da ke ajiye a gida. A asibiti ana fara ɗibar jini a zuba a kwalabe na musamman, a ajiye a wuri mai ɗumi kamar na jikin mutum, don ƙwayar ta yi yawa a gane ta. Maganin da aka sha tun a gida yana iya hana ta fitowa a gwajin. Sakamakon yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa biyu ko fiye, amma likita ba ya jira, da an ɗebi jinin zai fara magani.

Darasi na 4

Wanke hannu da sabulu kafin taɓa miki ko cibiyar jariri. A kai yara rigakafi.

Aikin gida: kowa ya ƙirga numfashin mutum uku, minti guda cikakke, ya rubuto lambobin.