Yadda ake zama Rabaran a cocin Angilika a Kebbi da Zamfara

Kuskuren da matasa suka fi yi shi ne su tafi makarantar tauhidi da kuɗinsu, su dawo da takardar shaida, suna zaton naɗi ya zama dole. A Angilika bishop ne kaɗai ke naɗa mutum, kuma ba ya ɗora hannu a kan wanda bai sani ba.

Saboda haka fara daga ikilisiyarku. Ka tabbata an yi maka baftisma, bishop ya yi maka hidimar tabbatarwa cikin bangaskiya, kuma katunan biyu suna hannunka. Wanda nasa ya ɓace sai ya koma cocin da aka yi masa a duba rajista. Yi hidima a idon jama'a: karatun Littafi Mai Tsarki ranar Lahadi, koyar da yara, ko aikin katikis (mai koyar da tushen bangaskiya) a ƙauye. Rabaran ɗinku ne zai rubuta wa bishop a Birnin Kebbi ko Gusau, sannan a kira ka ganawa.

In kana da aure, sai ya kasance mace ɗaya, auren coci. Kada ka raina wannan batu. Matar Rabaran ita ke jan ragamar matan ikilisiya, duk inda aka tura ka kuma da ita za ku kwashe kaya. In ba ta amince ba, a dakata tukuna.

Daga nan sai karatu, yawanci a kwalejin St. Francis da ke Wusasa, Zariya.

Naɗin hawa biyu ne. Da farko dikon, kimanin shekara 1: yana wa'azi, yana taimakawa a bagadi, amma ba ya tsarkake gurasa da ruwan inabi na Jibin Ubangiji. Za ka gane shi da ƙyallen da ya rataya a kafaɗar hagu ya ratsa ƙirji. Hawa na biyu shi ne firist, wanda nasa ƙyallen kan sauko ta kafaɗu biyu. Kafin kowane naɗi akwai rantsuwar biyayya ga bishop, wadda ke nufin in an ce Zuru ko Yawuri ko Talatar Mafara, can za ka.

Ka gyara harshenka tun yanzu. A cikin Gusau za ka iya yin sujada da Turanci da safe, da yamma ka je ƙauyen da Hausa kawai ake ji, a wajen Zuru ma tsofaffi sun fi sakin jiki da Dakarci.