Yadda zaka jawo iyaye cikin karatun yaransu da jakar aiki ta intanet

Malamai ƴan uwana, yawancin iyaye basa sanin inda karatun yaro ya kwana sai ranar da aka miƙa musu sakamako a ƙarshen zango, lokacin kuma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Jakar aikin ɗalibi ta intanet maganin wannan take yi, wato wuri ɗaya da ake tara hoton rubutun yaro, zanensa, muryarsa yana karatu, iyaye na gani daga wayarsu.

Da farko ka tsaya kan manhaja guda ɗaya. Seesaw da ClassDojo duk suna da wannan tsarin, sai kai malami ka amince kafin aikin ya fita, kuma kowane uba ko uwa jakar ɗansu kawai suke gani. ClassDojo har fassara saƙo take yi zuwa wasu harsuna. Google Classroom kuwa taƙaitaccen bayani take turawa iyaye ta imel. Kafin ka ɗora hoton kowa ka karɓi izinin iyaye a rubuce, kuma ka kula kar fuskar wani yaron ta shigo.

To ga inda nafi so ku riƙe. Kar ka dinga ɗora aikin da ya fi kyau kaɗai. Ka saka rubutun farko mai goge-goge, bayan sati uku ka saka wanda aka gyara kusa da shi, nan ne uwa zata ga ɗanta na motsawa da gaske. Ka bar yaron ya zaɓi aikin da kansa, ya naɗi muryarsa ko na minti 1 ne yana cewa "nan ne ya bani wahala, ga yadda na yi", wallahi ko iyayen da basu iya karatu ba wannan muryar tana shiga ransu.

Sannan iyaye da yawa "madalla" kawai zasu rubuta su wuce, ba don basu damu ba, basu san me zasu ce bane. Sai ka basu tambaya a ƙasan aikin, misali "Mama, ki ce ya nuna miki yadda ya raba 12 gida 3."

Ɗora aiki sau ɗaya a sati ya wadatar, idan ya yi yawa daina buɗewa suke yi. Wanda bashi da babbar waya kuma, ka buga masa a takarda yaro ya kai gida, ko ka buɗe masa jakar a taka wayar ranar taron iyaye.