Sauya wa manhajar shirya taro rumbun bayanai: wuraren da aka fi yin tuntuɓe

Yawanci haka zancen yake farawa. Wani sashe a jami'a zai shirya taron ƙara wa juna sani, sai a ɗauko manhaja mai buɗaɗɗen tushe da za ta karɓi tsakure da maƙalu, ta raba su ga masu tantancewa, ta kuma fitar da jadawalin taro. Ana gab da girkawa sai ofishin kula da na'urori ya ce su rumbun bayanan da suke da shi, wato ma'ajiyar da manhaja ke zuba bayananta, Oracle ne, ko SQL Server, ko kuma PostgreSQL kaɗai suka yarda a ɗora a sabarsu, alhali manhajar a kan MySQL aka raine ta. Daga nan sai a kalli mai rubuta kod a ce: ai canza layi ɗaya ne a fayil ɗin saiti.

Wannan magana ita ce kuskuren farko, kuma tana da ƙanshin gaskiya, shi ya sa take kama mutane. A Open Conference Systems, wato OCS, wadda ƙungiyar Public Knowledge Project ta Kanada ta samar da yaren PHP, akwai layi a cikin config.inc.php inda ake rubuta sunan direban rumbun bayanai. Manhajar tana magana da rumbun ta hanyar ɗakin kod mai suna ADOdb, shi kuwa ADOdb ya san Oracle, ya san SQL Server, ya san wasu da dama. Sai mutum ya ɗauka tunda tafintan yana jin harsunan nan, aiki ya ƙare. Amma ADOdb isar da saƙo yake yi, ba ya gyara shi. Umarnin SQL, yaren da ake yi wa rumbu magana da shi, da ke cikin azuzuwan DAO na OCS, wato sashen kod ɗin da ke karantawa da rubutawa a rumbu, da hannu aka rubuta su, kuma a kan MySQL da PostgreSQL kawai aka gwada su. HotCRP, wadda Eddie Kohler ya rubuta, ita ba ta ma yi alkawarin komai ba: MySQL ko MariaDB take so. Indico ta cibiyar binciken kimiyya ta CERN kuma PostgreSQL take buƙata, har da ƙarin kayansa guda biyu, unaccent da pg_trgm, duk da cewa tana amfani da SQLAlchemy wanda ke iya hulɗa da rumbuna iri-iri. Gyaran wannan kuskure aikin yini ɗaya ne kafin a taɓa komai: a binciko duk inda aka rubuta SQL kai tsaye a cikin kod, a ƙirga, a ware waɗanda ke ɗauke da abin da rumbu ɗaya kaɗai ya sani, irin su GROUP_CONCAT, ON DUPLICATE KEY UPDATE, LIMIT da ayyukan lissafin kwanan wata. Adadin da aka samu shi ne girman aikin na haƙiƙa, kuma shi za a kai wa shugaban kwamiti.

Matsalolin da ke biyo baya iri biyu ne. Akwai masu ihu, akwai masu shiru. Masu ihu ba su cika damuna ba, domin shafi zai tsaya cik ya nuna saƙon kuskure. MySQL yana kewaye sunan tebur da waƙafin baya (`), sauran suna amfani da alamar zance mai biyu. PostgreSQL yana mayar da sunan da ba a kewaye ba zuwa ƙananan baƙaƙe, Oracle kuma zuwa manya. Kalmar user keɓantacciya ce a PostgreSQL. Oracle kafin zubin 12.2 ba ya karɓar suna da ya wuce bayit 30, kuma bai san LIMIT ba, sai ROWNUM, sai FETCH FIRST daga 12c. A madadin GROUP_CONCAT, PostgreSQL yana da string_agg. Tsohon MySQL yana barin a zaɓi gurbin da ba ya cikin GROUP BY, wanda shi kansa ya daina lamunta a saitinsa na asali tun zubin 5.7. Duk waɗannan za su tare ka a hanya ɗaya bayan ɗaya, ka gyara, ka wuce.

Masu shirun ne ke ɓata taro.

Babbansu shi ne manya da ƙananan baƙaƙe. A saitin da aka saba, MySQL yana ɗaukar "Amina" da "amina" abu guda, wajen kwatantawa da kuma wajen bincike da LIKE. PostgreSQL yana bambanta su. Bayan ƙaura, malamar da ta yi shekara uku tana shiga da sunanta a ƙananan baƙaƙe za a ce mata babu wannan asusu, ta sake buɗe sabo, maƙalarta ta bara tana can a tsohon. Akwatin bincike kuma zai riƙa dawo da rabin sakamako ba tare da ya ce uffan ba. Magani shi ne a bi duk wurin da ake kwatanta sunan shiga, adireshin imel da kalmomin bincike, a sa lower, aikin da ke mayar da rubutu ƙananan baƙaƙe, a ɓangarorin biyu tare da fihirisa a kan lower ɗin, ko a yi amfani da ILIKE, ko nau'in gurbi na citext. Idan kuma daga PostgreSQL ake komawa MySQL, abin yana juyewa: asusu biyu da suka zauna lafiya a da za su yi karo a kan dokar hana maimaici, lodin ya tsaya. Gara a nemo irin waɗannan tagwaye a haɗe su tun kafin a kwashe bayanan.

Sai zancen haruffa, inda mu masu rubutu da ƙ, ɗ da ɓ muka fi kowa shan wuya. Tsofaffin manhajojin PHP da yawa an girka su a kan teburan latin1, tsarin adana haruffa da bai san haruffanmu masu lanƙwasa ba, amma shafin yana aika rubutu da UTF-8, tsarin da ya san su. MySQL ya adana bayit ɗin yadda suka zo, ya mayar da su yadda suka zo, kowa yana ganin rubutu daidai, shekara da shekaru ba a san akwai ciwo ba. Ranar da aka kwashe bayanan aka ce a mayar da su UTF-8, sai a yi musu juyi na biyu: "ƙasa" ta koma "Æ™asa". Haka é ta marubutan Nijar da Kamaru masu rubutu da Faransanci take komawa "Ã©". Kuskuren da ake yi a nan shi ne a kama nema-da-musanya a cikin fayil ɗin da aka kwaso, harafi bayan harafi. Hanyar da ta dace ita ce a fara tabbatar da abin da ke kwance a teburin, ta duba bayit ɗin wani suna da aikin HEX. Idan UTF-8 ne a ɓoye cikin latin1, a kwashe da mysqldump a saitin latin1 don kada ya taɓa su, sannan a loda su a matsayin UTF-8. Nema-da-musanya yana da wata illar ta daban: OCS tana adana wasu saituna da aikin serialize na PHP, wanda ke rubuta tsawon kowane rubutu da adadin bayit. Ka canza harafi ɗaya tsawon ya sauya, unserialize ya kasa karantawa, saitin taro ya ɓace ba sallama. Mai komawa MySQL kuma ya tuna cewa abin da ya daɗe yana kira utf8 bayit uku kawai yake ɗauka. Haruffanmu masu lanƙwasa bayit biyu ne, za su shiga lafiya, amma emoji guda a cikin sharhin mai tantancewa na iya datse rubutun daga nan. A zaɓi utf8mb4.

Lambobin shaida na layuka su ma suna da tarkonsu. MySQL yana da AUTO_INCREMENT, wanda ke gyara kansa idan an loda tsofaffin layuka. PostgreSQL da Oracle suna amfani da ma'ƙirgi na daban da ake kira sequence, shi kuwa bai san an loda komai ba. Za ka shigar da maƙalu 400 da lambobinsu, ma'ƙirgin yana nan a kan 1, marubucin farko da ya zo miƙa sabuwar maƙala ya ci karo da saƙon cewa lambar tana da mai ita. Bayan kowane lodi a bi tebur-tebur a ɗaga ma'ƙirgin zuwa lamba mafi girma, a PostgreSQL da setval ake yi. Manhajar pgloader, mai kwashe bayanai zuwa PostgreSQL, tana yin wannan da kanta, tana kuma mayar da TINYINT(1) zuwa boolean, wato gurbin e ko a'a, da kwanan watan bogi na 0000-00-00 zuwa NULL, alamar ba a sa komai ba. Sai dai a lura da na boolean ɗin: idan kod yana cewa gurbi daidai yake da 1, PostgreSQL ba zai kwatanta boolean da lamba ba, don haka sau da yawa ya fi sauƙi a hana pgloader wannan juyin a bar gurbin a smallint. A kuma duba yadda kod ke karɓo lambar layin da ya shigar yanzu, domin LAST_INSERT_ID na MySQL ne. A PostgreSQL RETURNING ake so.

NULL ma ba halinsa ɗaya ba a ko'ina. Oracle yana ɗaukar rubutun da babu komai a cikinsa a matsayin NULL, saboda haka fom ɗin da aka bar gurbin sunan tsakiya fayau zai faɗi idan gurbin NOT NULL ne, kuma sharaɗin da ke neman inda gurbi ya yi daidai da rubutu fayau ba zai taɓa samun komai ba. Wajen jerawa daga ƙasa zuwa sama, MySQL yana sa NULL a farko, PostgreSQL da Oracle a ƙarshe. Ƙaramin abu ne a ido, har sai editan taro ya buɗe jerin bita ya tarar waɗanda ba a kammala ba, da ya saba gani a sama, sun koma shafi na biyar. NULLS FIRST yana gyara shi.

Wani abin da ke ba mutane mamaki shi ne dattin da tsohon rumbu ya daɗe yana rufa wa asiri. Teburan MyISAM, tsohon nau'in tebur na MySQL, ba su san dokar alaƙa tsakanin tebur da tebur ba, saboda haka za a samu bitar da maƙalarta an goge ta tuntuni, da rajistar mutumin da asusunsa ba ya nan. Idan sabon tsarin yana da waɗannan dokoki, zai ƙi karɓar marayun layukan. Kada a kashe dokar don lodi ya wuce sannan a manta da ita. A fitar da marayun a fayil na daban, a nuna wa mai kula da taron, shi ya yanke hukuncin abin da za a zubar. Haka kuma a PostgreSQL, umarni ɗaya ya faɗi a cikin ma'amala, wato jerin umarnin da ake zartarwa tare (transaction), duk na bayansa an ƙi su sai an janye ma'amalar. Kod ɗin da ya saba gwada shigarwa, in ta ƙi ya koma sabuntawa, dole a sake shi da ON CONFLICT, wanda ya zo a zubin 9.5.

Kan lokaci ba zan tsawaita ba, amma manhajar taro rayuwarta wa'adi ce. A san yankin lokacin da tsohuwar saba take kai, da na PHP, da na sabon rumbu, kafin a zaɓi tsakanin timestamp da timestamptz. Saɓanin awa ɗaya ya isa ya rufe ƙofar miƙa maƙala da ƙarfe 11 na dare maimakon 12, a daidai lokacin da marubuta suka fi yin tururuwa.

Gwaji kuwa, ganin shafin farko ya buɗe ba gwaji ba ne. A ɗauki kwafin bayanan gaske, a bi taron daga kai har ƙafa: buɗe asusu, miƙa tsakure mai ƙ da ɗ a takensa, ɗora fayil, naɗa masu tantancewa biyu, yanke hukunci, aika imel, fitar da jadawali, rajista. A ƙirga layukan kowane tebur a tsoho da sabo. Fayilolin maƙalu a OCS suna zaune a kundin fayiloli ne ba a cikin rumbu ba, kuma ana yawan mantawa da su wajen kwasa. Ranar sauyi kada ta faɗo tsakanin kiran maƙalu da ranar taro, kuma tsohon rumbu ya zauna a kulle, ana iya karanta shi, har taron ya wuce. Indico da kanta, lokacin da CERN ta raba ta da tsohon rumbunta, ZODB, zuwa PostgreSQL, kashi-kashi aka yi aikin cikin shekaru, aka fara da sashen kama ɗakunan taro, sai a zubin 2.0 na 2018 aka kammala. Su ne kuwa suka rubuta manhajar.

Kuskuren da ya fi tsada ba ya bayyana sai bayan wata shida, ranar da masu manhajar suka fitar da gyaran tsaro. Wanda ya yi gyare-gyarensa kai tsaye a kan fayilolin saba, ba tare da git, manhajar adana tarihin gyaran kod, ba, ba zai iya karɓar sabon zubi ba sai ya rasa aikinsa, don haka yakan zauna a kan tsoho mai ɓaraka. A riƙe gyaran a reshe na daban, a tattara bambancin rumbu a wuri guda maimakon a warwatsa shi cikin fayil ɗari, a kuma miƙa wa masu manhajar duk gyaran da ya mayar da SQL ɗin na gama-gari, domin irinsa suka fi karɓa. Cikakken tallafin sabon rumbu kuwa da wuya su ɗauka, tunda su zai zame wa kaya; pretalx, wata manhajar shirya taro, ma rage nata ta yi, ta ajiye MySQL ta riƙe PostgreSQL da SQLite. Shi ya sa, idan aka tambaye ni, kafin a rubuta layi ɗaya nakan ce a koma ofishin kula da na'urori a nemi ƙaramar saba ko kwantenar Docker, wato keɓantaccen wuri a cikin saba, da za a ɗora rumbun da manhajar ta sani. Idan abin da suke so shi ne bayanan mahalarta su iso babban rumbunsu, ɗan gajeren kod da zai riƙa kwafe teburin rajista zuwa can kowane dare ya wadatar.