Yadda ake tantance babbar lamba firam: gwaji da 2,147,483,647

Lamba firam ita ce wadda babu mai raba ta cif sai 1 da ita kanta. A ƙananan lambobi gane ta ba wuya, amma idan ta kai biliyan biyu, raba ta da kowace lamba ɗaya bayan ɗaya ɓata lokaci ne. Sai an bi ta da dabara.

Da farko ka kawar da masu sauƙi. Ƙarshen 2,147,483,647 shi ne 7, don haka 2 da 5 sun fita. Haɗa alƙalumanta, za ka samu 46, kuma 3 ba ta raba 46, don haka 3 ma ta fita.

Na biyu, nemo danginta. Ƙara mata 1, za ta zama 2,147,483,648, wato 2 guda 31 an ninka su da juna. Duk lambar da aka samu ta ninka biyu-biyu aka cire 1, ta gidan Mersenne ce, sunan wani limamin Kirista ɗan Faransa da ya wallafa jerinsu a 1644. Kafin irin wannan lamba ta zama firam, dole yawan biyun ya kasance firam, kuma 31 firam ce. Sai dai kada ka tsaya nan: 11 ma firam ce, amma tata lambar, 2047, ta rabu 23 sau 89.

Na uku shi ne gwajin Lucas da Lehmer, masana lissafi biyu, kuma a ganina nan daɗin aikin yake. Koye shi da ƙaramar lamba, 31, wadda ta fito daga 2 guda 5 da aka ninka da juna aka cire 1. Fara da 4. Ninka ta da kanta, cire 2, ka samu 14. Maimaita: 14 sau 14 cire 2 ya ba da 194. Raba da 31, ka riƙe saura kawai, wato 8. Sake: 8 sau 8, 64, cire 2, 62, kuma 31 ta raba ta ba saura. Ana yin zagaye daidai da yawan biyun a cire 2, nan uku ke nan. In ka ƙare da sifili, firam ce. Babbar tamu zagaye 29 take buƙata, kuma da sifili take ƙarewa. Masanin lissafi Leonhard Euler ya tabbatar da ita tun 1772 ta wata hanyar, da alƙalami da takarda.

Daga nan sai ka ajiye ta a ajinta. Ita ce ta takwas a jerin firam na Mersenne, kuma da yake 31 kanta 'yar gidan ce, ana kiranta Mersenne mai ninki biyu. Ita ce kuma iyakar abin da ma'ajiyar kwamfuta mai bit 32 (bit gurbi ne da ke ɗaukar 0 ko 1) ke iya riƙewa idan an ware bit ɗaya don alamar ragi, shi ya sa agogon wasu tsofaffin na'urori, mai ƙirga daƙiƙoƙi a irin wannan ma'ajiya, zai cika ranar 19 ga Janairu 2038.

Da wannan gwajin aka tabbatar da wadda Luke Durant ya gano a Oktoba 2024 ta GIMPS, shirin neman firam na Mersenne ta intanet: 2 guda 136,279,841 a cire 1, mai alƙaluma 41,024,320.