Kafin ka ɗaura kyamara a dajin gwamnati a Amurka

'Yan'uwanmu na Greensboro da Harrisburg da Indianapolis sun fara shiga farautar barewa, kuma abin a yaba ne. Mutanen da suka iso ƙasar nan da jaka ɗaya, yau ga su da firiza cike da naman da suka harbo da hannunsu da sunan Allah, har suna rabon maƙwabta. Sai dai duk kaka labarin iri ɗaya ne. Sabon zuwa ya sayi kyamarar daji ta dala 150, irin wadda ke ɗaukar hoto da kanta in dabba ta gitta, ya ɗaure ta a bishiyar farko da ya gani kusa da inda ake ajiye motoci, bayan mako biyu ya dawo ya tarar da guntun ɗamara tana lilo. Daga nan a cika zauren WhatsApp da Allah ya isa.

Sayen kyamarar da saita ta ba wani aiki ba ne. Batir takwas ƙanana, katin memori mai gigabait 32, ka gyara kwanan wata da lokaci, shi ke nan. In wurin na sanyi ne sa batirin litiyam, na gama-gari yakan mutu da zarar ƙanƙara ta sauka.

Inda ake faɗawa rami shi ne doka. Yawancin masu kukan sata ba su taɓa tambaya ba ko an yarda a ajiye kyamara a wurin tun farko. Kowace jiha da dokarta, kuma a cikin jiha ɗaya ma dajin da hukumar namun daji ke riƙe da shi daban, na gwamnatin tarayya daban, na ƙaramar hukuma daban. Arizona ta hana amfani da kyamara don farauta tun 1 ga Janairun 2022. Kansas ta hana ta a filayen gwamnati a 2023, Delaware ma haka a shekarar. Nevada na hana ta a filin gwamnati daga watan Agusta zuwa ƙarshen Disamba. A Missouri ba a yarda da ita a filayen hukumar kula da namun daji ba, a Minnesota kuwa ba a barinta ta kwana a filayen kula da namun daji da ake rubuta wa WMA a allon shiga. Wisconsin ta yarda a yawancin filayenta, da sharaɗin sunanka da adireshinka ko lambarka ta hukumar namun daji ta jihar su kasance a jikin kyamarar. To in ka ɗaura a inda aka hana, wanda ya kwance ta wataƙila ba ɓarawo ba ne, malamin daji ne, kuma katin da ke ciki na ɗauke da fuskarka tangaran tun lokacin da kake gyara mata zama. Ka je ofis kai ƙara, ka fito da takardar tara. Waɗannan dokoki suna sauyawa, saboda haka ɗan littafin dokokin farauta na bana za ka karanta, wanda ake bayarwa kyauta inda ake sayar da lasisi, ka kuma buga wa ofishin da ke kula da dajin waya. Kada ka dogara da abin da wani Alhaji ya gaya maka a masallaci, shi a wata jihar ya yi farautarsa.

Tunda an zo maganar takardu, a gama ta. Kyamara ba ta buƙatar lasisi, amma farautar da kake yi wa share fage tana buƙata, kuma yawancin jihohi ba sa sayar wa sabon mafarauci lasisi sai ya yi kwas ɗin koyon dokokin farauta. Mai girin kad, wato takardar zaman dindindin, yana iya mallakar bindiga. Wanda ya shigo da bizar karatu ko ta ziyara, dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga ko harsashi sai in yana da lasisin farauta mai aiki. Wanda bizarsa ta ƙare bai gyara zamansa ba, ko aron bindigar aboki ya yi na yini ɗaya ya aikata babban laifi, irin wanda ke rufe ƙofar takardu gaba ɗaya. In shari'arka ta neman mafaka na gaban alƙali, tambayi lauyanka kafin ka taɓa ko harsashi guda. Kada garin neman ƙiba a samo rama.

To a ce an yarda ka ɗaura kyamara a wurin. Abin da ke tsare kyamara shi ne kada a gan ta, kwaɗo na biye ne kawai. Mutumin da ke tafiya a daji idonsa na ƙasa yana duba sawu, ko a daidai tsayinsa, da wuya ya ɗaga kai. Saboda haka ɗaga ta ƙafa 10 zuwa 12. Ka tafi da sandar hawa guda ɗaya irin ta mafarauta, wadda ake ɗaure wa bishiya da ɗamara, ka hau ka ɗaura, ka sauko ka tafi da sandarka. Ka cusa ɗan kara mai kaurin yatsa tsakanin saman kyamarar da jikin bishiyar don ta sunkuyo ƙasa, in ba haka ba rassa da sararin sama za ta yi ta ɗauka. Illar wannan ita ce filin da take gani yana raguwa, don haka auna ta kan wuri ɗaya takamaimai mai nisan ƙafa 15 zuwa 20, ka sauko ka gitta wurin sau biyu, ka duba hoton kafin ka tafi. Fuskarta ta kalli arewa, don rana mai fitowa ko faɗuwa kada ta cika maka kati da hotunan banza.

Ɗamarar da ke zuwa cikin kwalin ita ce babbar mai tona asiri. Baƙin layi mai faɗin inci ɗaya da ya zagaye bishiya ana hango shi daga baya tun daga nesa, domin babu abin da ke kwance a miƙe haka a daji. Cire ta ka sa siririyar igiya mai launin ɓawon itace. Zaɓi bishiya mai rassa biyu ko mai ganye a gefe, wadda ta fi kyamarar faɗi, ba santaleliya da ke tsaye ita kaɗai ba. Sannan fitilar dare: mai lamba 850 tana yin ja-ja in ta ɗauki hoto, duk wanda ya wuce da asuba zai ga jan idon. Mai lamba 940 ba ta nuna komai, hotonta na dare ya ɗan fi duhu, amma a dajin jama'a ita ce ta saye.

Wuri ma haka. Kududdufi, bakin gona, mahaɗar hanyoyin ƙafa, duk inda ka gani ka ce nan ya yi, mutum goma sun riga ka faɗin haka. Yi nisa da mota, aƙalla tafiyar rabin awa, ka tsallake rafi ko sarƙaƙiya, mafi yawan mutane ba sa son jiƙa takalmi. Kada ka ɗaura jan ƙyalle a hanya don ka gane wurin, sa alama a taswirar wayarka, manhaja irin onX tana nuna iyakar filin gwamnati da na mutane. Kada ka je dubawa washegarin saukar ƙanƙara, sawunka zai kai ɓarawo har gindin bishiyar. Zuwa sau ɗaya a mako uku ya isa, barewar ma ba ta son warin mutum. Gishiri ko masara da wasu ke zubawa gaban kyamara laifi ne a yawancin filayen gwamnati, kuma tallar wurin ne.

Akwatin ƙarfe da igiyar ƙarfe irin Python suna hana mai ɗan hali na wucewa, wanda ya gani ya yi sha'awa, suna kuma hana beyar tauna ta. Ɗauki mai kaurin inci 5/16, siririyar 3/16 almakashin ƙarfe na datse ta nan take. Amma wanda ya koma mota ya ɗauko kayan aiki, babu kwaɗon da zai tsayar da shi, kuma akwatin na ƙara wa kyamarar girma a ido. Masu cewa a ɗaure akwatin da dogayen kusoshi cikin bishiya suna magana ne kan gonarsu, a filin gwamnati huda bishiya laifi ne a wurare da yawa. Ko ba ka sa akwati ba, maƙala ƙaramin kwaɗo a murfin, domin wasu katin kawai suke zarewa, su tafi da aikin wata biyu su kuma san inda babban namijin barewa yake kwana.

Kyamara mai aiko hoto ta waya tana da amfani ɗaya: hoton ɓarawon ya iso gare ka kafin ya kashe ta. Sai dai tana da eriya da ke fitowa fili, da kuɗin wata-wata, kuma wasu jihohin sun fi tsananta mata. A ganina, kyamara uku ta dala 40 ta fi guda ɗaya mai tsada a dajin kowa da kowa. Rubuta lambar jikin kowacce ka adana da rasit, ka sa mata lambar sirri in tana da wurin sawa, ka kwance su kafin ranar buɗe farautar bindiga. A Pensilbaniya ranar Asabar ce bayan bikin godiya na ƙarshen Nuwamba, kuma ranar dajin cika yake kamar kasuwar Kurmi.

In an sace kuma kana da hoton mutumin, kai wa malamin daji ko ofishin sharif, wato shugaban 'yan sandan yankin, da lambar kyamarar da wurin da ka ɗaura. Kada ka tare kowa a daji ko a wurin ajiye motoci kana cewa kai ne, kowa a can da bindiga a hannu yake, kai kuma baƙo ne. Kada ka watsa fuskarsa a Facebook, mai wucewa ma kyamara na ɗaukarsa. Haka nan in ka ci karo da ta wani a bishiya, ba tsintuwa ba ce. Kada ka buɗe don ganin me ta ɗauka, ɗaga mata hannu ka wuce, wataƙila akwai ta biyu a sama tana kallonka.