Yadda Ake Zaɓar Garmaho da Kula da Shi a Gida

Duk wanda ya gaji faya-fayen garmaho daga iyayensa ya kamata ya natsu kafin ya sayi na'urar da zai saurare su, domin allura mai dakushi tana cinye layin faifai, kuma abin da ta cinye ba ya dawowa.

Idan ka je wajen masu kayan gwanjo a Kaduna, ka fara da karanta rubutun da ke bayan na'urar. Wutar Najeriya volt 230 ce mai hertz 50, ta Amurka kuwa volt 120 ce mai hertz 60, saboda haka garmahon Amurka yana iya ƙonewa idan aka jona shi kai tsaye, wasu kuma ko an haɗa su da taransfoma juyinsu yana raguwa har muryar mawaƙi ta yi kauri. Ka sa mai kaya ya kunna shi a gabanka, ka gwada saurin juyi 33 da 45 a minti ɗaya, sannan ka ɗaga farantin da ake ɗora faifai ka taɓa bel ɗin roba da ke juya shi, ko ya saki. A ganina, sabuwar allura wajibi ce, kuma nauyinta a kan faifai yawanci kusan giram 2 ne.

A gida ka ɗora shi kan tebur mai ƙarfi, nesa da lasifika. Ƙurar hunturu ce babbar abokiyar gaba: ka goge faifai da burushi mai laushi kafin ka kunna, ka riƙe shi ta gefe, ka jera faya-fayen a tsaye nesa da taga, domin zafin watan Maris yana lanƙwasa su.